Daga Teburin Akawu Zuwa Digirin Dokta

Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato cikin 1991, ofisoshin Gwamnati da ke Gwadangaji, a gefen Birnin Kebbi, suke ta tara alƙaluma: yawan 'yan makaranta, da albashin malamai, da buhunan taki, da kadadar shinkafa. A da akawu ke rubuta irin waɗannan cikin rajista. Yau samari ke zuba su cikin kwamfuta, su tace, su fitar da abin da shugabanni za su yi shawara a kansa. Cikinsu akwai masu son komawa jami'a neman digirin dokta a ilmin kwamfuta. Muna bayansu, amma muna da gargaɗi.

Ya kamata mai wannan niyya ya sani aikin da zai shiga dabam yake da wanda ya saba. A ofis, tambaya ake ba shi, ya ɗauki kayan aikin da waɗansu suka ƙera, ya kai amsa kafin Jumma'a. A jami'a kuwa shi zai nemo tambayar da ba wanda ya taɓa amsawa, ya zauna a kanta shekara uku ko fiye bayan digiri na biyu, sa'an nan ya kare abin da ya gano gaban malamai. Lissafin da ya ajiye tuntuni zai dawo ya tare shi. Mai iyali ya yi shawara da gida tukuna, kuma ya fara neman malamin da zai duba aikinsa kafin ya dubi sunan jami'a. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In ya ƙudura tafiya, to, ya tafi da tambaya daga gida. Cikin damanar 2020 ambaliya ta cinye shinkafa mai yawa a fadamar Rima, daga Argungu har Birnin Kebbi, manoma suka wayi gari da bashi. Yaya za a haɗa awon ruwan sama, da na kogi, da hotunan tauraron ɗan Adam, na'ura ta gaya wa manomi ruwa na tafe tun da sauran kwanaki? Ga kuma harshenmu. Kamfanin Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara tun 2013, amma na'ura daga rubutu take koyo, Hausar Kabi kuwa da littattafan ajami na ƙasar Gwandu kaɗan ne suka shiga kwamfuta. Wanda ya yi shekaru yana fama da rajista mai giɓi ya fi baƙo sanin inda alƙalumanmu ke ƙarya. Wannan shi ne jarinsa.

Sauran magana ga Gwamnati take. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da aka kafa 1975, da ta kimiyya da fasaha ta Aliero ta 2006, da ta Tarayya ta Birnin Kebbi ta 2013, duk suna bukatar malamai masu wannan digiri. Asusun TETFund, wanda dokarsa ta fito 2011, malaman manyan makarantu yake ɗaukar wa nauyi, ma'aikacin sakatariya ba ya ciki. Cikin 2024 ma asusun ya ba da sanarwar dakatar da tura malamai ƙasashen waje, saboda tsadar canji da ƙin dawowar waɗansu. Saboda haka muna roƙo a ba wanda ya cancanta hutun karatu da albashinsa, a ɗaure shi da alkawarin dawowa. In ya dawo kuma, kada a mai da shi tsohon teburinsa yana buga jerin sunaye, don haka ake korar masu ilmi ba da sanda ba.

Ku kuma malaman makaranta, ku tuna doktan gobe yana ajinku yau yana koyon jimla da ɗebewa. Ku akawuna, lambar da kuka rubuta da ganganci ita za ta ɓad da shi. Allah Ya sa mu dace.