Filin Sana'a: Ɗakin Kwana Mai Taya Biyu

A wannan wata za mu leƙa Amurka ne, mu duba wata 'yar tirela da mutanen can suke haɗawa da hannunsu a gida, su ɗaura ta a bayan mota, duk inda dare ya yi musu su kwana a ciki. Suna kiranta "ɗigon hawaye", saboda gabanta a kumbure yake, bayanta kuma ya tsuke.

Tun cikin shekarun 1930 mujallun sana'a na Amurka suka fara buga zanenta, amma ba ta yi tashe sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945. A lokacin ne ragowar kayan soja suka yi araha, mutane suka riƙa lulluɓe tirelolinsu da gorar ruwan da aka tanada don ƙera jiragen sama. A 1947 mujallar Mechanix Illustrated ta buga zanen wata mai ɗaukar mutum biyu, jama'a da dama suka kwaikwaya. Yawancinsu ƙafa 4 ne faɗi, ƙafa 8 tsawo, wato daidai girman filawud guda, don kada a yi asarar katako.

To, ina ruwanmu da ita? Ruwanmu shi ne, muna da 'yan kasuwa masu bin kasuwanni daga Kumasi zuwa Techiman har Bawku, waɗanda sau da yawa a tasha suke kwana. Muna kuma da masu walda da kafintoci, a Suame Magazine da cikin zangunanmu, waɗanda aikin nan bai fi ƙarfinsu ba. Sai dai akwai wurare huɗu da in an yi sakaci ana iya rasa dukiya, ko ma rai.

Na farko shi ne nauyi. Ana so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar ya sauka a kan ƙugiyar da ta haɗa ta da mota. In nauyin ya koma baya, da an ɗan taka mota sai tirelar ta fara lilo hagu da dama, har ta iya kifar da motar. Shi ya sa ba a sa tayoyin a tsakiya, ana jan su baya kaɗan, tun da kicin a can yake. A tuna, jarkar ruwa mai lita 25, kilo 25 ce. A kuma ƙara sarƙa biyu masu ƙarfi, ko da ƙugiyar za ta kwance.

Na biyu kicin. Hikimar masu wannan zane ita ce, sun raba shi da wurin kwana da bango. Murfin baya ake ɗagawa sama, mai girki yana tsaye a waje. Kada sanyin hunturu ya sa wani ya shigar da kurfoti ko risho ciki ya rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda take kashe mai barci bai sani ba. Iskar gas kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaya ƙasa take taruwa, don haka ma'ajiyar tukunyar gas tana bukatar kafa daga ƙasa. Ɗakin kwanan ma a yi masa taga da mashigar iska a rufi.

Na uku wuta. Layi biyu ne, kada a gauraya su. Fitilun birki da sigina daga mota suke samun wuta. Fitilun ciki da fanka da cajin waya kuwa daga batir mai bolt 12 na tirelar. A sa fis dab da kan batir, kowane layi kuma da nasa. A yi amfani da waya mai silili da yawa irin ta mota, domin mai sili ɗaya ta gida jijjigar hanya tana karya ta. Ga lissafi: kwan LED uku masu wat 3 da fanka mai wat 12, wat 21 ke nan, wato amfiya 1.75. A awa 8 sun ci 14 daga batir mai 100. Batir mai ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa, kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, saboda haka akwatinsa na waje ne, mai kafofi.

Na huɗu kabad. Ƙusa kaɗai ba ta jure ramukan hanya, sai an haɗa gam da sukuru. Kowace durowa a sa mata sakata, kaya masu nauyi su zauna ƙasa. Babban abokin gabar filawud shi ne ruwa, kuma ta baki yake shiga. A shafe bakunan da fenti sosai, a sa roba a kewayen ƙofa da murfin kicin. Araha ba ta ado, wanda ya yi rowar fenti damina ɗaya ta ishe shi.

Daga ƙarshe, kafin a sayi ƙarfe ko guda, a je ofishin lasin a tambayi ƙa'idar rajista da lamba. Rigakafi ya fi magani.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mana hanya, amin.