Share Fagen Katsina United: Ni Sai Na Gan Su a Aba

Tun da aka fara wasannin share fage na bana, majalisarmu ta 'Yargoje ba ta da wata hira bayan sallar La'asar sai ta Katsina United. Wani ƙanena, wanda wayarsa ta cika da hotunan atisayen ƙungiyar, tuni ya raba kofi. A lissafinsa, baɗi gasar Afirka za mu buga. Da na nuna shakka sai ya ce: "Haba Yaya, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta." Na ce to, gani ya kori ji. Na shiga motar safe, muka bi ta Ƙanƙara da Dutsin-Ma, na je filin wasa na Muhammadu Dikko na kalli wasan sada zumunta guda da idona.

Bari in fara da abin da ya burge ni, kada a ce na je neman aibu. Yaran suna da gudu, musamman masu bin gefe, kuma ƙwallo tana yawo a ƙasa daga ƙafa zuwa ƙafa maimakon a riƙa dankara ta sama ana fatan sa'a. Mai tsaron raga yana magana da 'yan bayansa, yana tsara su, abin da na daɗe ina son gani. Kafin a tafi hutun rabin lokaci na sami kaina a tsaye ina tafi kamar kowa.

Sai dai bayan an dawo na ga abubuwa biyu da suka sanyaya mini jiki. Da wasa ya kai kamar minti 60, 'yan tsakiya suka fara tafiya maimakon gudu, tazara ta buɗe tsakaninsu da 'yan baya. Sannan duk lokacin da abokan karawa suka sami bugun kusurwa, sai in ga kowa ya zuba wa ƙwallo ido, ba mai riƙe mutum. Ƙaramar ƙungiya ce aka kara da ita, ba ta da ɗan gaban da zai hukunta irin wannan sakaci. Enyimba tana da shi. Rangers ta Inugu, wadda ta ɗauki gasar a 2024, tana da shi, haka ma Remo Stars da ta ɗauka a 2025.

Wani zai ce ai share fage ne, ana gwada sababbin 'yan wasa, ana ta canji ba iyaka. Gaskiya ne, kuma wannan ne ma ya sa ba na ɗaukar sakamakonsa da nauyi, ko an ci ko an sha kashi. Damuwata ita ce inda ake yin gwajin. Gasar Firimiyar Nijeriya ƙungiyoyi 20 ne, wasanni 38, rabinsu a waje, kuma huɗun ƙarshe su ne ke faɗawa rukuni na biyu. Duk mai bin gasar nan ya san cewa kusan kowace ƙungiya zaki ce a gidanta. Saboda haka abin da ke raba mai neman kofi da mai neman tsira shi ne ɗan makin da aka tsinto a gidan wani: kunnen doki a Uyo, kunnen doki a Fatakwal, nasara ɗaya ko biyu a duk shekara. To ta yaya wasa a Katsina, a gaban masoya, bayan yaro ya kwana a gadonsa ya ci tuwon da ya saba, zai nuna mana abin da zai yi a Aba bayan ya wuni ya kwana a mota, ya sauka cikin laima da gumin kudu, jama'ar filin duka suna yi masa ihu? Akwai gasannin share fage a kudu, irin na ValueJet da ake yi a Ikenne, kuma a ganina mako guda a irin wannan wuri ya fi wasa biyar a gida amfani. Na san tafiya kuɗi ce. Faɗuwa ta fi ta tsada.

Ba da ka nake wannan magana ba, mun ɗanɗana. A 2022 Katsina United ta faɗi daga gasar tare da Heartland da MFM da Kano Pillars, Pillars ɗin da ta ɗauki kofin gasar sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A watan Afrilun shekarar ne ma ana canjaras babu ci tsakaninmu da su a filin wasa na Sani Abacha sai rikici ya ɓarke, aka farfasa motar 'yan wasanmu, hukumar gasar ta zabtare wa Sai Masu Gida maki uku. Kano ke nan, maƙwabta, harshe ɗaya, abinci ɗaya. Mun dawo a 2023, mu da Pillars, amma wanda ya yi shekara guda yana neman labarin ƙungiyarsa a rukuni na biyu kamar mai neman allura a cikin rairayi ba zai so ya maimaita ba.

Akwai kuma abin da mazauna birni ba su cika lura da shi ba. Mai goyon baya da ke Ƙofar Soro ko Ƙofar Ƙaura, ɗan kuɗin Keke Napep ne ya kai shi fili. Mu na 'Yargoje da Faskari da Sabuwa, zuwa kallon wasa shawara ce da ake yi da iyali. Tun bayan harin da aka kawo mana a watan Yunin 2024, ba mai barin gari sai ya lissafa lokacin dawowarsa, kuma wasan da aka take da ƙarfe 4 na yamma ma'anarsa kwana a Katsina, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Yaranmu sun fi sanin 'yan wasan Arsenal da Barcelona, domin su gidan kallo ke nunawa. Ƙalilan ne suka riƙe ƙungiyar jiharsu, kuma idan ta sake faɗuwa, ban ga abin da zan faɗa musu su tsaya ba.

Da na dawo gida ƙanen nawa ya tare ni tun a tasha, yana son jin ko na tuba. Na ce masa ƙafafu akwai, salon wasa ma ya fara fitowa, amma numfashi da tsaron bugun kusurwa suna buƙatar aiki kafin a take gasa. Bai gamsu ba. Muka yi yarjejeniya a gaban majalisa: idan ƙungiyar ta kawo maki biyu kacal daga wasanninta uku na farko a waje, ni zan biya masa kuɗin mota da na shiga fili ranar da Pillars za ta zo Katsina.