Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kaduna Kan Kuɗin Kasuwa A Birnin Gwari

Mai girma Gwamna Uba Sani,

A watan Nuwamban 2024 ka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, kuma jama'a sun yaba. Sai dai manomin ƙauye da mai sarin hatsi sun dawo kasuwa ne ba jari, domin 'yan bindiga sun karɓe musu kuɗin noma da kuɗin fansa. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe haraji ga kamfanonin da cinikinsu bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, amma rangwamen na masu rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ne. Mai buhun masara goma ba ya cikinsu. Abin da ke cin ribarsa shi ne kuɗin buhu, kuɗin rumfa, kuɗin lodi, da wanda direba ke miƙawa a kowane shinge kan hanyar Kaduna.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka haɗa hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, da ƙaramar hukuma su dakatar da waɗannan kuɗaɗe na shekara biyu, daga baya su koma rasit guda mai farashi a rubuce. Za a ce gwamnati na buƙatar kuɗin shiga, kuma wasu yankunan za su nemi irin haka. Gaskiya ne. Amma abin da ake tarawa daga kasuwar da ta fara farfaɗowa kaɗan ne, kuma ma'aunin a fili yake: duk inda rashin tsaro ya rufe kasuwa ya cancanci wannan sassauci, Giwa ce ko Chikun.