Ɗakin kwanan ɗalibai ba ɗakin amarya ba ne

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan gasar ƙawata ɗakunan kwana da ta shigo jami'o'inmu, musamman ɓangaren 'yan mata.

Da na kai 'yata makaranta farkon zangon nan, na tarar ana sauke kaya kamar za a yi jere: kafet, labule mai hawa biyu, ƙaramin firji, fitilu masu launi-launi, har da takardar liƙa wa bango. Ɗakin kuwa na mutum huɗu ne, amma shida ke kwana ciki. Soket ɗaya ke aiki, a kansa aka jona firji da dutsen guga da rishon lantarki, wayar har ta yi laushi don zafi. Wannan ai gobara ake gayyata.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yar talaka. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, kuma rancen naira 20,000 da asusun lamunin karatu na NELFUND ke ba ɗalibi duk wata ko cefane bai isa ba. Yarinya ta zo da katifarta da bokiti da gidan sauro, sai ta ji ta muzanta, ta dawo tana matsa wa iyaye lamba.

Ina kira ga hukumomin jami'o'i su fitar da jerin kayan da aka yarda a shigo da su, su gyara wayoyin wuta, su kuma ware wurin girki a wajen ɗakuna. Mu kuma iyaye, don Allah mu sassauta.

Wassalam.

Wani mahaifi, daga Funtuwa