Zuciyar kaba: loma biyu, asarar shekaru

'Yan uwa mata, mun san farar zuciyar nan da ke tsakiyar kaba: ga taushi, ga ɗan zaƙi. To amma kowane kai zuciya ɗaya gare shi; in aka ciro ta, kan ya mutu ke nan. Kabar da muke saƙa tabarma, faifai da igiya da ita, mu samu kuɗin zubin mako, ta tafi a loma biyu. Ita ce kuma ke girma ta zama goruba, wadda dokar gandun daji ta Nijar ta hana sarewa.

In kwaɗayi ya taso, mu sayi muruci, mu wanke, mu dafa shi sosai. Wanda ya yi wari ko yauƙi, kar a ba yara.