Ƙwayar Da Ke Biyo Buhu Daga Lafiya Zuwa Kudu

Duk wanda ya san Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ya san cewa da zarar kaka ta yi, kasuwar Alamis da kasuwannin kewaye irin su Agyaragu da Doma sai su cika maƙil da doya da riɗi da agushi da gyaɗa da masara da wake. Da yawa daga cikin wannan kaya nan Kudu yake nufowa, kuma 'yan'uwanmu mazauna Mile 12 da Agege a Ikko, da Bodija da Sabo a Badun, da Shagamu da Anaca da Fatakwal, su ne masu sauke shi, su ne masu tsaronsa, sau da yawa ma a gefensa suke shimfiɗa tabarma su kwana. Saboda haka ne muka ga ya wajaba mu ja hankalinsu a kan wata 'yar ƙwaya mai ruwan toka da ke biyo buhunan.

Ƙwayar nan ita ce ake sayarwa da suna Phostoxin da wasu sunaye, wasu kuma suna ce mata bom. Tana cikin dangin sinadaran da masana ke kira fosfayid, watau haɗin fosfaras da wani ƙarfe. Akwai na baƙin ƙarfe, wanda ake amfani da garinsa a masana'antun narkar da ƙarfe; shi ba ya saurin tashi, amma ƙurarsa tana cutar da ido da huhu, kuma dole a ajiye shi a busasshen wuri nesa da asid. Akwai na zinki, baƙin garin nan da ake kashe ɓera da shi. Sai na alminiyam, wanda shi ne a cikin ƙwayar hatsi, kuma shi ya fi shiga hannun talaka. Mugun halin dangin ɗaya ne: in sun haɗu da danshi ko asid sukan saki iskar guba mai suna fosfin.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ba cin ƙwayar ƙwaro yake yi ya mutu ba, iskar ce take kashe shi. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na wannan iska, a hankali, cikin 'yan kwanaki, har ta zama gari. Iskar kuwa ba ta san ƙwaro ba, ba ta san ɗan Adam ba. Tana ratsa buhun saƙa kamar babu shi, tana bi ta tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa da saman silin zuwa ɗakin maƙwabci, kuma da yake ta ɗan fi iskar da muke shaƙa nauyi, mai kwana a ƙasa ya fi kowa shiga hatsari. Takan yi warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma kada wani ya dogara da hancinsa, balle mai barci.

To, ga inda abin ya shafe mu. Fatake sukan jefa ƙwaya cikin buhu a Lafiya ranar lodi, don kada ƙwari su ɓata wake a hanya. A lokacin hunturu iskar Arewa busasshiya ce, ƙwayar ba ta saurin narkewa. Kwana ɗaya ko biyu mota ta iso Ikko, inda danshi ya yi yawa, sai ƙwayar ta kama aiki gadan-gadan, daidai lokacin da 'yan dako ke jibge buhunan a sito ko a shagon da yara biyar ko shida suke kwana. Yaran mota da masu neman sauƙin kuɗin mota da ke kwanciya a kan kaya ƙarƙashin tamfol su ma ba su tsira ba. Wanda ya jefa ƙwayar yana can gida, bai gaya wa kowa ba, babu kuma wata alama a jikin buhun.

Wani abin takaici, alamun wannan guba suna kama da cututtukan da muka saba da su. Ciwon kai, jiri, amai, gudawa, tari da nauyin ƙirji. Sai a ce zazzaɓi ne ko abincin jiya, a sayo magani a kemis, a mai da marar lafiya cikin ɗakin da ya sa shi ciwon, a rufe ƙofa don kada ya sha iska. Alhali kuwa bayan wasu sa'o'i huhu yana iya cika da ruwa, zuciya ta kasa. Har yau likitoci ba su da makarin wannan guba. Iyakar abin da za su yi shi ne su tallafa wa numfashi da zuciya. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da amai tare, kuma akwai buhuna kusa, a fitar da kowa fili nan take, a garzaya asibiti da gwangwanin ƙwayar. Manja da madara ba su karya ta, ɓata lokaci ne kawai.

Kada a ce rashin boko ne ya kawo haka. A watan Janairu na 2017, a garin Amarillo da ke Jihar Texas ta Amurka, an zuba irin wannan magani a ƙarƙashin wani gida, daga baya aka watsa ruwa don a wanke shi. Ruwan ya tayar da iskar, yara 4 na gidan suka rasu. Ruwa ba ya kashe ƙwayar nan, zuga ta yake yi, kuma in an tara ta da yawa ta jiƙe tana iya kama wuta.

Ba muna cewa a daina amfani da ita ba ne. In an bi ƙa'ida, ta fi zuba maganin ƙwari na ruwa a cikin wake, ɗabi'ar da ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Ƙa'idar kuwa ba ta da wuya. A yi aikin a sito ko duro mai rufuwa ruf, wanda ba ya haɗe da ɗakin kwanan mutum ko na dabba. A buɗe gwangwani a fili, da busasshen hannu da safa, a kau da fuska. A naɗe ƙwayar a takarda ko ƙyalle don garinta kada ya gauraya da hatsi, a sa adadin da aka rubuta a jikin gwangwani, ba na ganin dama ba. A kulle har mako guda, sa'an nan a buɗe a bar iska ta ratsa sosai kafin kowa ya shiga, garin da ya rage kuma a binne shi nesa da rijiya. Mai 'yan buhuna kaɗan a ɗaki ma ba ya bukatar ƙwaya: buhun nan mai ninki uku na PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a 2007, yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska, babu magani ko kaɗan.

Muna kira ga hukumar NAFDAC da malaman gona na Jihar Nasarawa da su hana sayar da ƙwayar ɗai-ɗai a ƙullin leda kusa da magi da gishiri, domin wanda ya sayi ƙwaya biyu a leda bai ga gargaɗin da ke jikin gwangwani ba. Amma ba sai an jira hukuma ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanninmu na Kudu suna iya aika wa dillalan Lafiya sharaɗi tun kafin kaka: kada a sa ƙwaya a kayan da za su hau mota, in kuwa an sa, a rubuta ranar da jan fenti a jikin buhu, a ware wa irin waɗannan buhuna sito dabam, a kuma samar wa masu gadi rumfar kwana a waje.