KAFIN A SAYI MAGANIN HAIHUWA, A FARA ƘIRGA KWANA



Da zarar ciki ya yi jinkiri, sai ka ga an bazama neman sassaƙe da garin magani, laifin kuma duk a kan mace. A ganina, kafin a kashe ko sisi, a fara duba lokacin saduwa.

Ƙwan haihuwa sau ɗaya yake fita a wata, kuma ba ya wuce awa 24 a raye. Maniyyi kuwa yana iya kai kwana 5 a jikin mace. Kwanakin shigar ciki kamar shida ne kacal: biyar kafin fitar ƙwan, da ranar da ya fita.

Yana fita kusan kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Uwargida, ki fara ƙirge daga ranar da kika fara ganin jini. In tsakanin al'adarki kwana 28 ne, wajen rana ta 14 ke nan. In 32 ne, wajen ta 18. Alamarsa ruwa garau mai yauƙi, kamar farin ɗanyen ƙwai.

Maigida, kai da ke ci-rani ko fatauci, in sai kwanakin nan sun wuce kake dawowa, babu garin da zai maye gurbinka. Ka daidaita zuwanka. Kusantar iyali duk bayan kwana ɗaya ko biyu a wannan tsakani ya wadatar.

In shekara ta cika shiru, ko wata 6 ga wadda ta kai shekara 35, ku je asibiti tare a duba ku duka biyu.

Haihuwa ta Allah ce, riƙo da sababi namu ne. Allah Ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba, amin.